Ina neman shawara kan sake fasalin tankin kifi da zagayen ruwa a akwafonik ɗina na gida

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan da na haɗa ɗan ƙaramin tsarin akwafonik a bayan gida, inda ruwan kifi ke zagayawa ya shayar da shuka ya komo, kuma abin ya kai ni ga tunanin warware shi gaba ɗaya in sake ɗaurawa. Tankin kifin irin na roba ne mai kusurwa huɗu wanda ke zuwa a cikin kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, amma da yake na yanke samansa, ruwan da ke ciki bai wuce lita 900 ba. Akwai karfasa 45 a cikinsa, kuma a kiyasina kowace ta kai giram 300. Komayen shuka uku ne a kan dandamali sama da tankin, kowane tsawonsa santimita 120, faɗinsa 100, zurfinsa 30, cike da tsakuwa, kuma kowane yana da saifon mai hula wanda ke zuƙe ruwan idan komin ya cika ya mayar da shi wurin kifi. Injin ruwan yana zaune ne a ƙasan tankin kifin, kuma a jikin kwalinsa an rubuta lita 2,000 a awa.

Abin da ke damuna shi ne kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa a kusurwoyin tankin, ta yadda idan na sa hannu na motsa wurin sai wani baƙin dagwalo ya taso da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ban da wannan, ruwan tankin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, wani lokaci ya ragu da wajen santimita 30. A makonnin nan kuma idan na fito da asuba sai in tarar da kifin sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Niyyata ita ce in sayi injin da ya ninka wannan ƙarfi, in kuma nemi tanki mafi girma, amma na ga bai kamata in taɓa komai ba sai na ji ta bakin waɗanda suka riga ni a harkar.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiyya. Kafin ka sayi komai, ina roƙonka ka ɗauki bokiti mai cin lita 20 da agogo, ka tari ruwan a daidai inda yake zuba cikin komayen, ka ga sakan nawa yake ɗauka kafin ya cika. Lambar da ake rubutawa a kwali ita ce abin da injin ke turawa idan ba a ɗora masa hawan ko santimita ɗaya ba, kuma da zarar ruwan ya fara hawa sama, ya bi ta siririn tiyo, ya sha kwana a gwiwoyin bututu, sai adadin ya yi ta raguwa har ka yi mamaki. A tsarinka kuma akwai wata illa ta daban, domin hawan ana auna shi ne daga saman ruwan tanki zuwa bakin bututu, saboda haka duk lokacin da ruwan ya sauka da santimita 30, injin ya sami ƙarin hawan santimita 30, wato yana raunana ne a daidai lokacin da kifin suka fi takura. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ruwan tankin kifi ya zagaya gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a awa, idan kuma kifin sun yi yawa sau biyu. Ina kyautata zaton ba ka kai ko sau ɗayan ba, amma bokiti ne zai raba gardama.

Hajiya_Lambu:
Ni abin da ya tayar mini da hankali a bayaninka, ɗan'uwa, shi ne zaman injin a ƙasan tankin kifi, domin irin wannan tsarin ne ya sa ni cizon yatsa shekaru biyu da suka wuce. Wani dare tiyon da ke kai ruwa komi ya zame daga mahaɗarsa, injin kuwa bai san an yi ba, ya ci gaba da turo ruwan yana zubarwa a ƙasa har gari ya waye. Da na fito na tarar da ruwan bai kai tsayin yatsa ba, kifina suna kwance ta gefe a cikin laka, kuma fiye da rabinsu sun riga sun sandare. Tun daga ranar na fitar da injin daga wurin kifi na mayar da shi wani tanki daban a ƙasa, ta yadda ko bututu ya fashe, tankin ƙasan ne zai ƙafe, kifin kuma su kwana da ruwansu cikakke. Idan ba za ka iya yin wannan yanzu ba, ko yau ɗin nan ka ɗora injin a kan bulo biyu domin ya bar musu abin da za su rayu a ciki idan tsautsayi ya afku.

MaiTarwaɗa:
Maganar Hajiya gaskiya ce, amma batun dattin da ke taruwa a kusurwa ba inji ne zai magance shi ba, siffar tankin ce ta jawo shi. Ruwa ba ya shiga kusurwa da ƙarfi, yana wucewa ne ya bar wurin a mace, kuma duk abin da ya nutse a can ya zauna ke nan yana ruɓewa ba tare da iska ba, shi ne warin ƙwan da kake ji. Ka zuba ganyen shayi a kofi ka juya da cokali ka cire, za ka ga ganyen ya taru a tsakiyar ƙasan kofin, ba a gefe ba, kuma tun a 1926 Albat Ainstain ya yi bayanin dalilin hakan. Zagayayyen tanki haka yake aiki: idan ka shigo da ruwan ta jikin bango yana bin da'ira, kashin kifin da kansa zai gangara tsakiya, sai ka buɗe masa mafita a nan. Masu binciken kiwon kifi a Jami'ar Konel ta Amurka sun shahara da tanki mai mafita biyu, inda ƙaramin kaso na ruwan, tsakanin 5 zuwa 20 cikin 100, ke fita ta tsakiyar ƙasa ɗauke da mafi yawan dattin, sauran kuma ya fita ta gefe kusan tsaf. Kuma ba ka bukatar tanki mafi girma kamar yadda kake tunani, domin mai faɗin santimita 150 da zurfin ruwa santimita 60 yana ɗaukar kimanin lita 1,060. Ya kasance mai faɗi marar zurfi, saboda dogon tanki siriri ba ya share kansa da kyau.

Dattijon_Komi:
Ina girmama ra'ayin MaiTarwaɗa, kuma ba na musun cewa zagayayyen tanki ya fi, amma ban yarda a ce wa mutum ya yar da tankin da ke hannunsa alhali bai gwada gyara shi ba. Shekara shida nake kiwo a irin wannan tankin mai kusurwa huɗu, kuma abin da na yi bai taka kara ya karya ba. Na ɗan karkata shi ta hanyar sa katako mai kaurin santimita 3 a ƙarƙashin gefe ɗaya, na jera ruwan shiga ta wani bututu mai ƙananan huji a tsaye kusa da kusurwa yana feso ruwan yana bin bango, sannan na sa bututun fita wanda ke ɗebo ruwa daga ƙasa a gefen da ya fi gangara. Kifin ma da kansu suna taimakawa, domin karfasa ba ta zama wuri ɗaya, jelarta kaɗai tana tayar da dattin ya bi ruwa. Sau ɗaya a mako nakan bi kusurwoyi biyu da tiyo in zuƙe abin da ya rage, aikin da ba ya cin minti biyar.

Ummu_Hanif:
Baba Dattijo, don Allah a ƙara mana bayani kan wannan bututun da ke ɗebo ruwa daga ƙasa, domin ni nawa hujin fitar a sama yake, kuma na lura ruwa mai tsabta ne ke tafiya yana barin dattin. Idan bakin bututun yana ƙasa, me zai hana shi zuƙe tankin gaba ɗaya kamar yadda ya faru da Hajiya?

Dattijon_Komi:
Tambayarki tana kan hanya, 'yata. Hujin fitar yana nan a sama, a daidai tsayin da kike son ruwan ya tsaya, amma ta cikin tankin sai ki haɗa masa mahaɗa mai siffar harafin T a kwance: ƙafa ɗaya ta fita waje ta hujin, ɗaya ta sauka da dogon bututu har kusan ƙasa, ɗaya kuma ta dubi sama a buɗe, bakinta ya zarce saman ruwa. Duk ruwan da inji ya zubo cikin tankin dole wani kwatankwacinsa ya fita, kuma da yake hanyar fitar ta faro ne daga ƙasa, sai ya taso da datti a tafiyarsa. Bakin nan da aka bari a buɗe a sama shi ne amsar tambayarki, domin iska na shiga ta nan ta hana bututun rikiɗa ya zama saifon, kuma wanda ya yi kuskuren sa gwiwa a maimakon T, ko ya toshe bakin don yana ganin bai yi kyau ba, zai iya wayar gari da tanki wayam. A ƙasan bututun ki yanka ƙananan tsaga waɗanda kashi zai wuce amma ɗan kifi ba zai shiga ba.

Abu_Safiyya:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Injiniya, na yi gwajin bokitin da yammacin nan, na haɗe bakunan uku wuri ɗaya, kuma sau uku ina maimaitawa yana cika a cikin sakan 100 ko kusa da haka, wato lita 720 a awa ke nan idan lissafina daidai ne. Da na buɗe murfin injin kuma na sami soson da ke bakinsa ya toshe da kashin kifi har ya yi santsi, bayan na wanke shi sai bokitin ya koma cika a sakan 80. Tiyon da na yi amfani da shi mai faɗin milimita 20 ne, kuma akwai gwiwoyi biyar kafin ruwan ya isa komi na ƙarshe. Hajiya, na ɗora injin a kan bulo kamar yadda kika ce.

Injiniya_Bala:
Lissafinka daidai ne, kuma sakan 80 ɗin ya kai ka lita 900 a awa ba tare da ka sayi ko allura ba. Idan ka mayar da tiyon zuwa bututu mai faɗin milimita 32, ka rage gwiwoyin, ina sa ran wannan injin da kake shirin yarwa zai ba ka abin da ya wadatar. Injin da ya ninka ƙarfi a kan wancan siririn tiyon wuta kawai zai ƙara sha.

Malam_Kimiyya:
An yi magana a kan datti da inji, amma ina ganin abin da ya fi gaggawa shi ne kifin da ke haki da asuba, domin wannan alama ce ta cewa iskar oksijin tana ƙaranci da dare. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 na ma'aunin Selshiyos lita ɗaya takan riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne iyakarta, alhali ana son kada abin da ke cikin tankin ya gaza miligiram 5. Masu rabon wannan 'yar iskar kuma suna da yawa. Kifinka 45 masu giram 300 nauyinsu kilo 13.5 ne, kuma idan kana ba su wajen giram 200 na abinci a rana, kusan kashi 3 cikin 100 na abincin yana fitowa a matsayin amoniya, wato kimanin giram 6. Bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, sannan naitiret ɗin da shuka ke sha, tana cin oksijin wajen giram 4.6 a kan kowane giram ɗaya, ban da abin da dagwalon kusurwa ke ci wajen ruɓewa, ban da gansakuka da saiwoyi waɗanda da dare su ma shaƙa suke yi. Ka kuma lura cewa kilo 13.5 a lita 900 daidai yake da kilo 15 a lita 1,000, wanda bai kai iyakar kilo 20 da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba masu ƙananan tsare-tsare shawara a 2014 ba, amma lokacin da komayen uku suka cika tare ruwan ya koma lita 540, cunkoson ya zama kamar kilo 25.

Shawarata ita ce ka sa injin iska da dutsen kumfa biyu tun kafin ka fara kowane gyara, ka ajiye injin iskar a sama da tsayin ruwa ko ka sa masa bawul mai hana komowar ruwa. Sannan ka auna naitirait, domin idan ta yi yawa takan hana jinin kifi ɗaukar iska, sai ka ga yana haki ko da ruwan na cike da kumfa.

ƊanGaba_Dai:
Ni a ganina tunda za a warware komai ne, gara ya kwashe tsakuwar duka ya wanke ta fes da ruwan famfo, ya shanya ta a rana, ya zubar da tsohon ruwan ya fara da sabo, sai warin ya tafi gaba ɗaya. Kuma ya koma kiwon tarwaɗa, tunda ita tana shaƙar iska daga sama, ba ruwanta da wannan lissafin.

Malam_Kimiyya:
Ɗan'uwa, wannan shawarar ita ce garin neman gira a rasa ido. Bakteriyar da na ambata ba a cikin ruwa take yawo ba, a jikin tsakuwar take manne, kuma ita ce dukiyar da Malam Abu Safiyya ya shafe wata goma sha huɗu yana tarawa. Kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe ta, bushewa a rana ma haka, kuma idan ta mutu sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin ta sake kafuwa, ga kifi kilo 13.5 suna zuba amoniya kullum babu mai ɗauke ta. Idan tsakuwar ta toshe har sai an wanke, a yi komi ɗaya a bar biyu, da ruwan tsarin kansa, a bar makonni biyu a tsakani. A sani kuma cewa kulorin yana tashi idan an ajiye ruwa a buɗe ana hura masa iska kwana ɗaya ko biyu, amma kuloramin da wasu masu rarraba ruwa ke amfani da shi ba ya tashi ta wannan hanyar.

MaiTarwaɗa:
Ko ni da nake kiwon tarwaɗa ba zan ce ya sauya kifi don ya guje wa gyara ba. Gaskiya ne tana haɗiyar iska daga sama, amma bakteriya da saiwoyin latas ba su iya wannan dabarar ba, kuma tarwaɗa ta fi karfasa ci da ɓata ruwa. Mu koma kan tankin.

Hajiya_Lambu:
To, bari in faɗi yadda nawa yake zagayawa yanzu, ko zai amfane shi. Injin yana cikin tankin ƙasa, yana tura ruwa zuwa tankin kifi, daga can ruwan ya malalo da kansa ta irin bututun da Baba Dattijo ya bayyana ya rabu zuwa komaye, saifon kuma ya zubo shi tankin ƙasa. Hawa da saukar duk a tankin ƙasan suke faruwa, ruwan kifin kuwa ko motsi tsayinsa ba ya yi. Sai dai wannan yana nufin Malam Abu Safiyya zai juya tsarinsa ne baki ɗaya, domin yanzu komayensa suna sama da kifi, alhali a wannan tsarin dole saman ruwan kifi ya fi bakin komaye tsayi, tankin ƙasa kuma ya kasance ƙarƙashinsu. Ni sai da na haƙa rami na binne rabin nawa.

Sabon_Shiga22:
Ina da duro mai cin lita 200 da nake shirin mayarwa tankin ƙasa a tsari mai kusan girman wannan. Zai isa?

Injiniya_Bala:
Ba zai isa ba, kuma lissafin ba shi da wuya. Tsakuwa takan cinye wajen kashi 60 cikin 100 na sararin komi, ruwa ya sami sauran 40. Komi mai santimita 120 da 100 da ake cikawa zuwa santimita 25 yana ɗaukar kimanin lita 120 na ruwa, uku ke nan lita 360, kuma idan ka raba wannan a faɗin tankin Malam Abu Safiyya za ka ga santimita 30 ɗin da ya ce ruwansa na sauka ba kuskure ya yi ba. Saifon uku ba sa jituwa, yau su saɓa, gobe su haɗu, saboda haka dole tankin ƙasa ya iya ba da lita 360 lokaci ɗaya ba tare da injin ya fito fili ba, ya kuma iya karɓar su lokaci ɗaya ba tare da ya tumbatsa ba. Idan ka ƙara ruwan da zai rufe injin da wanda rana da ganye ke sha, ban ga abin da ya gaza lita 500 da zan amince da shi ba. Game da ɗaga tankin kifi kuma, a tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato kusan tan guda za a ɗora, kuma na taɓa ganin teburin katako ya durƙushe a hankali cikin wata uku har bututun fita ya tsage. Sauke komaye ya fi ɗaga kifi sauƙi da aminci.

Akwai kuma wata hanyar da wasu ke bi idan tsayin bai ba da dama ba, wato injin da ke tankin ƙasa ya raba ruwansa biyu, reshe ɗaya zuwa kifi, ɗaya zuwa komaye, kowa kuma ya mayar da nasa tankin ƙasa. Amfaninta shi ne kowane reshe da bawul ɗinsa, kuma za ka iya rufe komi ka gyara ba tare da ka tsayar da ruwan kifi ba.

Dattijon_Komi:
Wannan hanya ta biyun na gwada ta na bari, Injiniya, domin a cikinta kashin kifi yana faɗawa ne tankin ƙasa, injin ya niƙe shi ya zama gari, sannan ya mayar da rabinsa wurin kifin. Datti yana da sauƙin kamawa ne tun yana dunƙule, idan ya narke kuwa sai dai ka zura masa ido ruwan ya yi duhu. Wanda zai bi ta lallai ya sa mataci tsakanin kifi da tankin ƙasa.

Ummu_Hanif:
Batun matacin nan shi ne inda na kasa tsayar da ra'ayi. Na haɗa irin wanda ake yi da duro, inda ruwan ke shigowa ta tsakiya cikin wani faffaɗan bututu da aka kife, ya sauka ƙasa a hankali, dattin ya kwanta, ruwan kuma ya taso ta gefe ya fita. Ruwana ya yi garau, amma bayan wata biyu tumatirina ya fara nuna yunwa, sai na fahimci abin da nake zubarwa duk bayan kwana biyu abincin shukar ne. Yanzu nakan tara lakar a wani bokiti da dutsen kumfa a ciki na wasu kwanaki, in bari ta kwanta, in mayar da ruwan saman cikin tsarin.

Hajiya_Lambu:
Ni kuwa ban taɓa sa mataci ba, 'yar'uwa. Na zuba tana a cikin tsakuwar, su ke cinye abin da ya taru, kuma shekara biyu ke nan komayena ba su toshe ba. Masu shuka a kan allunan da ke yawo a saman ruwa su ne ba su da zaɓi, domin datti yana liƙe wa saiwa ya shaƙe ta, amma tsakuwa mai zurfin santimita 30 ita kanta mataci ce.

Malam_Kimiyya:
Ku duka biyun kuna da gaskiya gwargwadon yawan abincin da ke shiga, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Komayen Malam Abu Safiyya faɗinsu murabba'in mita 3.6 ne, kuma giram 200 a rana ya kama wajen giram 55 a kowane murabba'in mita, alhali abin da ake ba da shawara shi ne giram 40 zuwa 50 ga ganyayyaki, 50 zuwa 80 ga masu 'ya'ya. A yau tsakuwarsa za ta iya ɗauka, amma ranar da kifin suka kai giram 500 kowace, nauyinsu ya zama kilo 22.5, labari zai sha bamban, sai dai idan ya fara rage su tun kafin lokacin. Da ni ne, zan bar wa matacin gurbi a jikin bututun ko da ban haɗa shi yanzu ba.

Ina kuma so in ja hankali kan kayan da za a saya wajen gyaran. Kada mahaɗar tagulla ko bututun ƙarfe mai rufin tutiya su taɓa ruwan, domin dukansu guba ne ga kifi, musamman da yake ruwan akwafonik yakan karkata zuwa tsami. Idan za a ƙaro tsakuwa, a jefa kaɗan cikin ruwan khal, idan ta yi kumfa dutsen farar ƙasa ne, kuma zai riƙe ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, a sama da 6 zuwa 7 ɗin da ake nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kason amoniya mai cutar da kifi bai kai 1 cikin 100 ba a pH 7, amma a pH 8 yakan kai wajen 5.

Abu_Safiyya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya bayan kwana tara. Na sa injin iska tun washegari, kuma hakin asuba ya ragu sosai, naitirait ɗin da na auna kuma ba ta kai miligiram 1 a lita ba. Na riƙe tsohon tankin a yanzu, MaiTarwaɗa ka yi mini afuwa. Na daina ba kifin abinci kwana ɗaya kafin aikin, na kwashe su da ruwansu zuwa duro biyu da dutsen kumfa, na rufe tsakuwar da jiƙaƙƙen buhu, muka sauke komayen ɗaya bayan ɗaya, muka binne tankin ƙasa mai cin lita 600. Ban yi asarar kifi ko ɗaya ba, kuma ruwan tankin ya tsaya cak. Sabuwar matsalar ita ce komi na kusa yana cika yana zuƙewa lafiya, na tsakiya ma haka, amma na ƙarshe ruwansa yana tsayawa a bakin saifon yana tsiyaya ba ya kamawa. Bututun fitar mai faɗin milimita 25 ne, kuma jiya na ga ruwan tankin kifi ya haura inda na yi masa alama da kusan yatsu biyu.

Injiniya_Bala:
Wannan haurawar ita ce ta fi saifon ɗin muhimmanci, domin tana nuna injin yana zubo fiye da abin da bututun ke iya fitarwa, kuma ranar da ganye ɗaya ya toshe shi tankin zai malala ta baki har tankin ƙasa ya ƙafe. Ruwan da ke gangarowa da kansa ba shi da mai tura shi, saboda haka yana bukatar hanya mai faɗi fiye da wanda inji ke kora. Bututu mai milimita 50 ya ninka mai 25 sau huɗu a girman sararin da ruwa ke bi a ciki, shi nake so ka sa daga tanki zuwa komaye a miƙe da 'yar gangara, kowane komi da bawul ɗinsa, ka rage wa na kusa domin na ƙarshe ya samu, tunda saifon ba ya kamawa sai ruwan da ke shiga ya isa ya cika bututunsa ya kori iska. Ka kuma huda wata mafitar gaggawa sama da ta farko da santimita 5 wadda za ta zarce kai tsaye tankin ƙasa.

Dattijon_Komi:
Na yarda da 50 a kwance, amma ban yarda da shi a ƙafar da ke tsaye cikin tanki ba. Idan ta yi faɗi da yawa ruwan zai riƙa tasowa a sanyaye, kashin ya hau rabi ya komo ƙasa. Ni 40 na sa a tsaye, kuma da shi na ga dattin yana fita a dunƙule.

MaiTarwaɗa:
Babu komai, Malam Abu Safiyya, tankinka ne. Abin da nake roƙo shi ne kada ka zuƙe kusurwoyin har tsawon mako biyu bayan ka sauya bututun, sannan ka sa hannu a kusurwar da ta fi nisa da mafita ka gaya mana abin da ya taso.

Abu_Safiyya:
Na ji, zan yi hakan. Na sami bututu mai 50 da mai 40, amma hujin da ke jikin tankin na milimita 25 ne, kuma faɗaɗa shi yana nufin sai na sauke ruwan ƙasa da wurin da aƙalla taƙi ɗaya. Shin zan iya yin hujin kifin suna ciki idan na tare garin robar da tsumma, ko kuwa sai na sake kwashe su?